Tabon Uwar Auta

Masu turo mini saƙo suna cewa na cika taurin kai, na gani. Wata ma cewa ta yi in ji tsoron Allah in bar yarinya ta auri wanda take so. 'Yata, ki bari ki haifa ki raina tukuna, sannan ki dawo mu yi maganar.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda aka kwana. Ni magini ne, gwiwa ce ta sauko da ni daga kan tsani. 'Ya ɗaya gare ni, Auta. Biyu sun riga ta zuwa, ba su zauna ba. Uwarta ta rasu ko yaye ta ba a yi ba, ban kuma sake aure ba. Yanzu wani yaro mai shagon gyaran hotuna a kwamfuta ya fito yana son ta, ita ma tana son sa, ni ne ban ce komai ba. Mai Hoto muke ce masa a gidan nan.

Ba rashin abin hannunsa na ƙi ba, ba kuma danginsa ba. Sana'ar ce ba ta kwanta mini ba. Baƙar mace ta shiga shagonsa ta fito fara a takarda. Mai tumbi ya fito ciki a ɗame kamar bai taɓa ƙoshi ba. Na san irin aikin. Na ga maginan da ke shafe tsagar bango su bi da fenti, mai gida ya yi ta godiya, damina ta zo ta tona musu asiri.

Ƙanwata kuwa, wadda Auta ke kira Gwaggo, ta mai da wayata gidan rediyo. Kullum da saƙon murya. "Yaya, yarinya na girma a gabanka. Jiƙa ta za ka yi ka sha?" Ina saurara in ajiye.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ina zaune a falo kan kujerata mai hannun katako, Auta na guga a kan tebur, ɗankwalinta ya zame baya, zufa a goshi. Wayarta na caji a hannun kujerata, don nan soket ɗin yake. Sai ta yi haske. Leƙen waya ba halina ba ne, amma ido ya riga ya faɗa kan saƙon Mai Hoto.

"Gimbiyata, na gama. Wallahi Mama kyakkyawa ce, yau na ga inda kika gado idanun nan. Da yamma zan kawo wa Baba da kaina. Ki yi mana addu'a."

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wace Mama ce yaron nan ya gani?"

Ta tsai da dutsen gugar, ta zo ta durƙusa gabana tana murza bakin zanenta.

"Baba, ka yi haƙuri. Ranar da na janye kabad ɗin ɗakinka zan share bayansa, na tarar da hoto a jingine, fuskarsa na kallon bango. Kai da Mama. Danshi ya cinye shi. Na ce bari a gyara maka, ko za ka ji daɗi."

"Na aike ki?"

"A'a."

"To."

Na tashi na shiga ɗaki, na leƙa bayan kabad. Babu komai sai yanar gizo-gizo da sawun firam a jikin bango. Hoton nan shi kaɗai ne muka taɓa ɗauka ni da ita, baƙi da fari, bayan aurenmu da kaɗan. Ranar da aka dawo daga binne ta na sauke shi daga kan ƙusa na tura shi can. Ban sake jawo shi ba. Kada ku tambaye ni dalili. Wanda ya taɓa rasa nasa ya sani.

Kafin rana ta yi sanyi sai ga Gwaggo da babbar jakarta da ƙaton mayafi ruwan toka. Na san Auta ce ta kira ta, ta zo ceto. Tun daga ƙofa take dariya.

"Yaya, ashe bangon magini ne ya ci hoton matar magini? Da na wani ne da yanzu ka tsine wa wanda ya ɗora bulon."

"Zauna ko ki koma."

Ta zauna.

Auta ta sake wanka. Ta sa doguwar rigarta mai launin ganye, wadda ba ta sawa sai za ta fita unguwa, ta yafa farin mayafi, ta zizara kwalli. Sau uku tana gyara labulen falon da babu abin da ya same shi.

Mai Hoto ya yi sallama a ƙofa, ya cire takalmi ya jera su. Farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana tsayuwa da kanta, agogo ya fi ƙarfin wuyan hannunsa, turare kuwa ya riga shi shigowa. Ya rungumo wani abu mai faɗi a naɗe cikin takarda. Ya durƙusa nesa da ni.

"Baba, barka da yamma. Ya ƙarfin jiki? Ya gwiwar?"

"Tana nan inda take."

"Allah ya ƙara sauƙi. Baba, ɗan abu ne na kawo, a yi haƙuri da shi."

Ya warware takardar, ya juyo da shi.

Gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta. Ni dai ya fito da ni. Ga ni tsaye da ƙuruciyata, wuya kamar na zakara, har biron da na ara na soke a aljihu don a ce na iya rubutu. Ga labulen mai hoton wancan zamani a bayanmu, da tukunyar fure ta roba. Duk sun dawo tas.

A gefena, kan kujera, wata mace ce zaune. Ɗaurin ɗankwalin nata ne. Hannuwan da ta ɗora a cinya nata ne. Idanun ma nata ne. Amma kuncin hagun sumul yake, luwai-luwai, kamar na 'yar tsana.

"Kai, masha Allah!" in ji Gwaggo, ta tafa hannu. "Yaro, Allah ya yi maka albarka. Ai gara haka. Wallahi gara haka."

Auta ta matso a kan gwiwoyinta, hawaye na zuba, tana murmushi.

"Baba, ashe haka take? Ashe haka Mamana take?"

Na dubi yaron.

"Wace ce wannan?"

Ya ɗago. "Baba?"

"Na ce wace ce ka zaunar kusa da ni?"

"Mama ce, Baba."

"Ina tabon?"

Auta ta dube ni, ta dubi Gwaggo.

"Wane tabo?"

Ku saurara, don ba zan maimaita ba. Uwar Auta tana ƙarama tafasasshen mai ya zubo mata. Ya bar mata farin tabo a kuncin hagu, ya gangara wuya. Da shi na gan ta, da shi na so ta. Dangina suka ce ina na ga mata a nan. Wannan Gwaggon da kuke gani, tana budurwa a lokacin, ita ce ta ce na kwaso wadda aka fara soyawa aka fasa. Na ce duk wanda ya ƙara ambaton tabon nan, ni da shi har abada. Ba a ƙara ba, har bayan ranta. Ranar ɗaukar hoton ma mai kyamarar cewa ya yi ta ɗan juya ta ba shi kuncin dama. Ta fara juyawa. Na ce ta dubi gaba. Ta dubi gaba, tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kai dai ba ka da kunya."

Shi ne yau aka share shi, 'yarta na murna.

"Baba, wallahi ban sani ba," in ji Mai Hoto. "Fari-fari ne ko'ina a hoton. Manhajar da nake aiki da ita, ita take zaɓo wuraren da suka ɓace da kanta, ta cike su. Na ɗauka duk danshi ne."

"Kawo mini nawa. Tsohon."

Bai motsa ba.

"Kurma ne kai?"

"Baba, takardar ta manne da gilashin. Na fara ɗaukar sa a na'ura yana cikin gilashin, sai na ga bai fito sosai ba. Na ce bari in ɓamɓare a hankali in sake ɗauka." Ya sunkuyar da kai. "Wajen fuskar ya biyo gilashin. Ya marmashe."

Gwaggo ta yi salati. Auta ta toshe baki da mayafi.

Ban ɗaga murya ba. Ban taɓa ɗagawa ba.

"Yaro, saurara. Ka mayar mata da fuskarta yadda Allah ya bar ta, ka ɗauki Auta, na ba ka. Ka kasa, kada in ƙara ganin inuwarka a ƙofar gidan nan. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Haba Yaya!" in ji Gwaggo. "Magana zarar bunu ce fa. A kan hoto?"

"Ke kuma kin riga kin faɗi taki."

Yaron ya goge goshi da hannun farar rigar.

"Ɗaukar farko tana nan a kwamfuta, Baba, ban taɓa ta ba. Zan iya. Amma sai ka zo da kanka ka nuna mini."

Ya tafi ya bar firam ɗin. Na kifa shi a kan tebur.

Da safe Auta ta kawo mini shayi ta ajiye, ba ta zauna ba. Idanunta sun kumbura. Wayarta na ta ƙugi a aljihun rigarta, ba ta duba ba. Sai da ta kai ƙofar kicin ta juyo.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Me zan gaya miki? Fuskarta ce. Ana ba da labarin fuska?"

"Ni ban taɓa ganin ta ba."

Na sha shayin da zafinsa.

Tawa wayar ma ta yi ƙara. Saƙon muryar Gwaggo ne. "Yaya, ka ji tsoron Allah. Wadda ta mutu ta mutu. Mai rai za ka binne saboda ita?" Ban kai ƙarshensa ba na kashe.

Ranar muka tafi shagon Mai Hoto, ni da Auta. Wani ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran waya da mai sai da labule. In mutum uku suka shiga, ya cika. Bango duk hotunan amare ne, fuskokinsu iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Ga na'urar buga hoto tana wari kamar roba ta ji wuta, ga ƙaramar fanka ɗaure da waya a jikin taga. Yau babu turare, babu agogo. Rigar jiya ce a jikinsa, ta yamutse. Ya ba ni kujerarsa mai juyawa, ya jawo wa Auta benci, shi ya tsuguna a gefe.

Ya taɓa wani abu, hoton ya cika gilashin kwamfutar.

Na riƙe hannun kujera.

Tsohon ne, yadda danshi ya bar shi. Kusurwa ɗaya babu ita. Kafaɗata ta cinye. Fararen tabbai ko'ina kamar bangon da gishiri ya fito masa. Ga ta nan zaune a tsakiya tana duban gaba, bakinta na shirin dariya.

"Baba, dubi yadda abin ya faru," in ji shi.

Ya danna sau ɗaya. Nan take wasu ɗige-ɗige suka fito suna zagaye kowane fari, suna tafiya a jere kamar tururuwa sun sami sukari.

"Duk inda ta ga fari fat, babu komai a ciki, sai ta ɗauka hoton ne ya ɓace a wurin, ta kewaye shi. In na sake dannawa, sai ta ɗebo daga abin da ke kusa ta cike. Bango ta cike da bango, riga da riga, fata da fata."

"Ba ta tambaya?"

"Ba ta tambaya, Baba. Ni ya kamata in tambaya."

Na dubi inda tururuwar suka fi yawa. Sun zagaye wani babban fari da ya taso daga ƙarƙashin idonta na hagu, ya cinye kunci da kunne da gefen baki, ya gangara wuya, ya haye kafaɗa, ya fice har cikin labulen baya. Tabon da danshin sun haɗe sun zama abu ɗaya.

"To ka bar shi duka," na ce. "Kada ka cike komai."

Ya cire tururuwar daga wurin, ya cike sauran. Muka duba. Mace mai rabin fuska, babu kunne, babu gefen baki. Auta ta kau da kai.

"Ba ita ba ce," na ce.

"Shi ya sa na ce ka zo, Baba. Zan iya ware tabon da hannu in hana ta taɓa shi, ta cike abin da danshi ya ci kawai. Amma sai na san iyakarsa."

"Ƙara girmansa."

Ya ƙara. Kuncin ya cika gilashin, ya ƙara, har ya zama 'yan murabba'ai farare da masu toka-toka. Babu layi, babu gaɓa. Ya mayar da shi yadda yake.

"Ta cikin gilashi na ɗauka, shi ya sa. Nuna mini da yatsa kawai, Baba. Daga ina ya fara, ina ya tsaya. Ni zan bi ka."

Abu mai sauƙi. Na ɗaga hannu na ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta. Nan ya fara, wannan na tabbata. Na gangaro kaɗan.

Sai yatsan ya tsaya.

Ya taɓa gefen bakinta, ko bai kai ba? Kamar ya taɓa, don in ta yi dariya wajen yakan ɗan ja. Ko kuwa wancan kuncin ne ke lotsawa? Kunnen fa? Na san tana sa ɗankunne, na san ina saya mata. Amma fatar kunnen fara ce ko baƙa? A wuya, ya tsaya a inda sarƙa ke kwanciya ne, ko ya shige cikin riga?

Na san laushinsa a tafin hannuna. Na san ya fi sauran fuskar santsi, in ana sanyi yakan yi mata ƙaiƙayi, in shafa mata mai. Na san yadda take jan mayafi ta wannan gefen in baƙo ya shigo, in harare ta, ta saki. Duk wannan yana nan. Iyakar ce babu. Ni da nake duban fili sau ɗaya in faɗi inda harsashi zai bi.

"Baba?" in ji Auta.

"Ina dubawa."

Fanka na juyawa. A shagon mai gyaran waya wani na gwada ƙararrawa, yana kashewa yana kunnawa.

"Ko a kira Gwaggo?" ta ce a hankali. "Ita ma ta san ta."

Kafin in hana ta riga ta danna, ta buɗe muryar kowa ya ji.

"Gwaggo, tabon Mama, daga ina zuwa ina yake?"

"Oho! Ni na tsaya aunawa? Babba dai ne. Tsaya ma, a dama yake ko a hagu?"

Auta ta kashe wayar. Ta ɗora ta a cinya, ta dube ni.

"Kai kaɗai ka rage, Baba."

Yatsana na nan a kan gilashin, ya bar maiƙo a kuncinta. Duk inda na ja, babu mai ƙaryata ni a duniya. A buga, a sa a firam, yaro ya cika sharaɗi, a ɗaura aure, Gwaggo ta huta da saƙon murya. Sai in zauna sauran kwanakina ina duban tabon da na ƙaga da hannuna a fuskar matar da ban taɓa yi wa ƙarya ba. In kuwa na sauke hannu, rantsuwata na nan, kuma a kan Auta za ta faɗa.

Mai Hoto ya matso kamar zai gyara waya a bayan kwamfuta, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Baba, ko ina ka nuna, nan ne. Ba zan taɓa cewa komai ba."

Ashe ya gane.

Na janye hannuna na sa a aljihu.

"Hasken abin nan yana damun idona. Tashi mu tafi, Auta."

Ba ta tashi ba. Tun da na haife ta ban taɓa cewa tashi ta zauna ba.

"Je ka, Baba. Zan ɗan zauna da ita tukuna."

Ta jawo bencin gaban kwamfutar, ta zauna daf da rabin fuskar nan, ta ɗora haɓa a hannu.

Na fito. Na tsaya a bakin titi, gefen tulin labulen maƙwabcinsa, rana na dukan ƙeyata. Na ce yanzu za ta biyo ni. Motoci suka yi ta wucewa. Mai labule ya miƙo mini kujera, na ce ba na so.

Sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne, daga Auta, tana bayan ƙofar nan da ke bayana. Na kara a kunne.

"Baba, in ka manta ne, ka faɗa mini. Ni kaɗai. Ba zan ga laifinka ba, shekarun da yawa. Amma kada ka bar ni ina jira, ba ni da uwar, ba ni da wanda nake so."

Na saurara har ƙarshe. Na danna wurin magana na riƙe, na kawo wayar bakina. Jan ɗigon nan ya fito yana ƙyaftawa, yana jira na. Na buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Yatsan ya zame. Saƙon ya tafi haka, babu komai a cikinsa sai ƙarar motoci da numfashin tsoho. Ina kallo alamar ta canza launi. Ta saurara.

Sai na ji ƙofar shagon ta buɗe a bayana.